Sanyi Ne ko Ɗari?

Na dawo gida hutu a makon farko na Agusta, na tarar Zongo ta shiga rigunan sanyi. Masu zemijan, 'yan acaɓanmu na Lome, sun naɗe wuya da mayafi, wasu har da hular ulu a ƙarƙashin hular kwano. Sama ta yi toka-toka tun safe, rana ba ta leƙowa sai bayan azahar, ita ma ba ta daɗewa. Jiya ina zaune a tsakar gida da 'yar riga mara nauyi ina karatu, maƙwabciyarmu ta shigo ɗibar wuta, ta tsaya da kaskonta tana kallona.

"Rahinatu, ke ɗin da muka sani? A wannan sanyin?"

Murmushi kawai na yi mata. Amma bayan ta fita na kasa komawa kan littafin, don ta mayar da ni wata Agusta, shekara shida baya.

A gidanmu ba a jiran Agusta ta iso, tarbarta ake yi, kuma saboda ni. Da sikila aka haife ni. Wanda bai san ciwon ba zai ce mene ne abin tsoro a 'yar iskar teku. Ni kuwa iskar nan, idan ta same ni da jiƙaƙƙen jiki, bayan kwana ɗaya ko biyu sai in ji kamar ana daka ƙasusuwan ƙafata a turmi. Don haka tun ƙarshen Yuli mahaifiyata, Mma, take fara shiri. Za ta fito da barguna daga ƙasan akwati ta yi ta farautar rana da su daga wannan igiya zuwa waccan. Za ta toshe tagar da ke kallon kudu da tsohon zane. Za ta ƙaro buhun gawayi, don ruwan wankana da na alwalata ba ya sauka daga kurfoti. Kokon safe ya ƙara citta da kanumfari har sai ya sa mutum hawaye. Wanki ya kwana uku a igiya bai bushe ba, takalma su yi fumfuna a ƙarƙashin gado, shafukan littattafaina su yi laushi kamar an hura musu numfashi. A lokacin ne kuma ƙananan kifi ke cika kasuwa, duk layin ya ɗauki ƙamshin suya. Sauran yara suna son watan. Ni ta taga nake kallonsa, da safa a ƙafa.

Duk da wannan tsaron, da wuya Agusta ta wuce ban kwanta asibiti ba.

A shekarar da nake ba da labari, na gama digirin farko a lissafi, na kuma samu gurbin ƙaro karatu kyauta a wani gari na Kanada inda ake jin Faransanci. Takardu sun kammala, biza ta fito, jirgi ƙarshen wata. Abu ɗaya ya rage, yardar Baba. Idan wata ya ƙare ban tafi ba, gurbin ya wuce ke nan, ba a ajiye wa kowa.

Baba yana sayar da atamfa a Adawlato, babbar kasuwar Lome. Mutum ne da ba ya sayen yadi sai ya murza shi tsakanin yatsu, ya ɗaga shi a haske, wani lokaci har ya jiƙa gefensa ya ga ko zai zuba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka ba ya kiran sunana. Ranar da na kai masa takardun, ya juya su gaba da baya, ya miƙo mini.

"Uwata, sanyin da kifi ma ke jin daɗinsa yana kwantar da ke sati biyu. Can fa, inda aka ce ruwa na zama dutse?"

Bai ce a'a ba, bai ce e ba. Ni kuma ba mai iya jayayya ba ce. Na karɓi takarduna na koma ɗaki.

Mma ba ta jira shi ba. Ta ce shiri ba ya hana komai. Ta ja ni kasuwar gwanjo, wanda a nan ake ce wa abloni, muka yi yini muna tona dila. Ma'auninta ɗaya ne, nauyi. Duk rigar da ta ɗaga ba ta ji hannunta ya yi ƙasa ba, sai ta jefar. A ƙarshe ta samo wani manto, wato ƙatuwar rigar sanyi, ruwan makuba mai kaiwa gwiwa, da gashi a bakin hularsa. Mai kayan ya rantse da cewa wata Baturiya ta hau dutsen ƙanƙara da shi. Mma ta haɗa da bargo biyu, da ƙullin busasshiyar citta, da man zafi. A ganinta sanyin can Agustarmu ce aka ninka, sai a ninka maganin.

Da muka baje kayan a tabarma, Kaka tana zaune bakin ƙofarta, kaskon wuta a gaban ƙafafunta. Ita ce mahaifiyar Baba. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina aka kawo ta tana budurwa, kuma har yau ba ta yarda teku abin zama kusa da shi ba ne. Ta sa sandarta ta ɗaga hannun manton, ta sake shi.

"Takwara, garin nan da za ki, sanyi gare su ko ɗari?"

Na ce, "Ba ɗaya ba ne, Kaka?"

Ta dube ni kamar na ce gero da dawa ɗaya ne. "Duk karatun nan naki?"

Na ji kunya sosai. Ni ce mai buɗe ƙamus kan kowace kalmar Faransanci, ga kalma a harshen gidanmu ban san ta ba. Mu da aka haifa a Zongo kalma ɗaya gare mu. Iskar teku sanyi, ruwan randa sanyi, firji sanyi.

Kaka ta gyara zama. Ta ce sanyi jiƙaƙƙe ne, irin na nan. Ta ƙirji da baya yake shiga, ya kwanta a ƙashi, maganinsa bargo da abu mai zafi a ciki. Ɗari kuwa busasshe ne, kuma ba ruwansa da ƙirjinka. Gefe-gefe yake ci: kunne, hanci, yatsu, diddige. Ta ce a garinsu da an gama girbi ake fara shirinsa. Maza su tara kara da itace a bayan ɗaki, mata su tanadi man kaɗe da man shanu. Tsofaffi suna da gadon ƙasa mai rami a ƙarƙashi, a zuba garwashi a ciki tun magariba. Da safe ruwan randa yana cizon hannu. Yaro ya fita da kai a buɗe, ya dawo kunnuwansa kamar ba nasa ba. Diddige ya tsage har jini, a ɗiga masa mai a ɗaure da tsumma.

"Kuma ɗari maƙaryaci ne," in ji ta. "Yana ɗauke maka ƙishi. Ka yini ba ka sha ruwa ba, kana bushewa ba ka sani ba."

Nan na ƙara kasa kunne, don rashin ruwa a jiki yana cikin abubuwan da ke tayar mini da ciwo.

Mma ta ce, "Hajiya, sanyi dai sanyi ne."

"Ke haifaffiyar bakin teku ce, me kika sani? Kin lulluɓe mata ciki kin bar yatsu a waje."

Washegari na fara bincike yadda na iya. Na rubuta wa wata ɗaliba 'yar Kara ta arewacin Togo da ta shekara uku a garin da zan tafi, na yi mata tambayar Kaka da Faransanci, da ƙyar na samu kalmomin. Amsarta ta zo doguwa. Ta ce a tsakiyar lokacin ƙanƙara, iskar busasshiya ce har gashin hanci yana daskarewa. Ta ce kada in dogara da riga ɗaya mai nauyi, sirara uku sun fi ta, ɗaya a kan ɗaya. Ta ce hula mai rufe kunne, safar hannu, takalmi mai gashi a ciki. Ta ce cikin gidaje da azuzuwa da motoci akwai ɗumi, tsakanin ƙofa da ƙofa ne yaƙin. Na je wurin likitan da ke duba ni tun ina ƙarama. Ya ce masu sikila suna rayuwa a can, akwai asibitinsu. Abin da zan guda shi ne jiƙewa, da ƙishi, da fita ba shiri. Na rubuta komai a littafi, na koma abloni ni kaɗai, na samo sauran kayan ɗaya bayan ɗaya, na zuba a jaka na tura ƙarƙashin gado. Sau uku ina zuwa ƙofar Baba da littafin, sau uku ina juyowa.

Saura kwana goma sha biyu, muna cin abincin rana ranar Lahadi, Baba ya tambaya, kamar da wasa, wai sanyin can yana kai nawa. Na ce wasu ranaku digiri ashirin ƙasa da sifili. Na ga lambar ba ta ce masa komai ba, sai na ƙara da cewa, "Kusan kamar cikin frigon Maman Afi."

Maman Afi 'yar ƙabilar Ewe ce, tana da ɗakin ƙanƙara a bayan babbar kasuwa inda take ajiye kifi da kaji a kwali. Ta fi shekara ashirin tana sayen atamfa a wurin Baba. Ya ajiye cokali.

"Kamar frigon Afi?"

"E, Baba."

"To. Gobe ki ɗauko rigar nan."

Da safe muka hau zemijan biyu daga Agoè, inda Zongonmu take. Na ɗauko manton, na kuma jawo jakar ƙarƙashin gado. Da muka isa na fara buɗe ta, Baba ya ɗaga hannu.

"Bar tarkacen nan. Rigar ce babba. In ta tsare, ta tsare."

Na rufe jakar. 

Maman Afi ta yi dariya har ta riƙe ƙugu da ta ji abin da ya kawo mu. Da Hausarta ta kasuwa ta ce, "Alaji, kai za ka shiga? Da rigar yarinya?"

"Ni ba na sallama kaya ban gwada ba."

Ya cire babbar riga ya ba ni, ya ba ni agogonsa. Ya sa manton a kan kaftani, hannun ya tsaya masa a tsakiyar damtse, zif ya ƙi wuce ciki sai da ya ja numfashi. Hularsa ta zanna a kai, silifas na fata a ƙafa. Mata masu jiran kifi suka juya baya suna danne dariya. Ya ce minti goma sha biyar. Aka ja ƙatuwar ƙofar, farin tururi ya fito ya kwanta a ƙasa, Baba ya yi bisimilla ya shiga.

A minti na goma sha ɗaya ya buga ƙofa.

Ya fito gemunsa da fari-fari. Ya zauna a kan benci, ya sa hannu aljihu zai ciro carbi, carbin ya faɗi. Ya sunkuya zai ɗauka, yatsun suka ƙi kamawa. Ya daɗe yana kallon hannunsa. Ba wanda ya ƙara dariya. Ya taɓa kunnensa, ya taka ƙafa a ƙasa kamar mai neman inda take.

"Ni da nake da lafiya ke nan," in ji shi a hankali. "Uwata, an gama magana. Ki yi haƙuri. Jami'a tana nan, ki ci gaba a gida."

Ban san daga ina muryar ta fito ba. Na durƙusa na ɗauki carbin, ina riƙe da shi na ce, "Baba, ƙirjinka fa?"

"Me?"

"Ƙirjinka da bayanka. Sun ji sanyi?"

Ya dafa ƙirji ta cikin manton. "Nan kam da ɗumi."

"To rigar ta yi aikinta. Kunne ne da yatsu da ƙafa. Abin da Kaka ta faɗa ke nan, Baba. Ɗari ne a ciki, kai kuma shirin sanyi ka yi."

Ya ɗago ya dube ni. Tun da nake ban taɓa gaya masa ya yi kuskure ba. Na buɗe jakar na fara jera kayan a kan benci, ina faɗin aikin kowanne. Na buɗe littafin na karanta masa abin da ɗalibar ta ce, da abin da likita ya ce, ban tsallake na tsoro ba.

Maman Afi ta sa baki. "Alaji, yarinya ta fi ka gaskiya. Ma'aikatana suna yini suna shiga suna fita, ka ga mai silifas a cikinsu? Ko kifi ba ya shiga nan tsirara, a kwali yake."

Na ce, "Kuma jikin da zai tafi shi ya kamata a gwada. Ka bar ni in shiga."

"Ba zai yiwu ba."

"In ban iya minti goma sha biyar a nan kana tsaye kusa da ni ba, ni da kaina zan rubuta musu in ce ba na zuwa."

 Wata mai jiran kifi ta ce da yaren Mina a bar yarinya mana. Baba ya murza yatsunsa da suka fara dawowa, ya ce, "Tare za mu shiga. Kika ce wash, mun fito."

Na shiga ofishin Maman Afi na shirya bi da bi, yadda na tsara a littafi. Na sha ruwa kofi biyu. Na shafa man kaɗe a fuska da leɓe da hannu. Siririyar riga mai kama jiki da wandonta, wata a kai, suwaita, sannan manton. Safa biyu, takalmi mai gashi. Hular ulu a kan ɗankwali har ta rufe kunne, mayafi a kan hanci, safar hannu. Baba kuma aka ba shi kayan ma'aikata, jaket mai warin kifi da takalman roba da wata hula mai kunnuwa kamar na zomo. Maman Afi ta karɓi agogo.

Ciki shiru ne, sai ƙugin inji. Kwalaye sun kai rufi, ƙanƙara ta yi musu gemu. Numfashin farko ya shiga hancina kamar allura, na ja mayafin sama, na shaƙa a hankali ta cikinsa. Na jira abin da na sani, wannan nauyin da ke fara taruwa a gwiwa. Na motsa yatsun ƙafa, duk goma suna nan. Na fara tafiya daga wannan bango zuwa wancan, don ɗalibar ta ce kada a tsaya wuri ɗaya. Baba yana bina a baya, takalman roba suna ƙara.

"Uwata, me kike ji?"

Na tsaya na saurari jikina da gaske, don ba na son in yi masa ƙarya.

"Warin kifi, Baba."

Dariyarsa ta fito da tururi. Sai da Maman Afi ta buɗe ƙofa da kanta ta ce lokaci ya wuce da minti biyu, kuma muna ɗumama mata kaya.

A waje ya cire mini safar hannu, ya riƙe yatsuna a tafinsa yana juya su kamar yadi. Da ɗuminsu. Amma bai yanke magana ba tukuna. Mu biyun mun san ciwona ba ya zuwa nan take. Yakan ba da kwana ɗaya, wani lokaci biyu.

Da Mma ta ji abin da muka yi, ta ɗora hannu a ka. "Alhaji, frigo? 'Yar tawa ka sa a frigo?" Kaka kuwa cewa ta yi a ba ta labarin hular zomon tun daga farko.

Kwana uku gidan yana kallona. Na tashi, idanu su bi ni. Na zauna, Mma ta ce ina ne ke ciwo. Baba, wanda ba ya barin shago kafin la'asar, ya riƙa dawowa da azahar wai ya manta wani abu. Ni kuma ina shan ruwana, ina cin tuwona, ina jin tsoro a ɓoye, don na san idan ko ciwon kai na yi, shi ke nan. Ranar farko ta wuce. Ta biyu aka yi yayyafi, ban fita ba. Ta uku na yi wa Kaka tsifa, na share ɗakina, na kwanta lafiya na tashi lafiya.

Safiya ta huɗu ina tsakar gida ina dama koko, Baba ya fito da shirin kasuwa. Ya gaida Kaka. Ya tsaya kusa da igiyar da Mma ta shanya kayan gwajin don warin kifi ya fita, ya kama safar hannun ya murza ta tsakanin yatsu, ya ɗaga ta a haske.

"Wannan guda ɗaya ce?" ya tambayi Mma, bai dube ni ba.

"Ɗaya ce, Alhaji."

"In ta jiƙe a hanyar makaranta fa? Me za ta sa washegari?" Ya saki safar. "Ku koma yau ku ƙaro biyu. Da hular ma. Kwana takwas ya rage, ku kuna zaune."

Ya sa kai ya fita. Muna jin sa a ƙofar gida yana kiran zemijan.

Mma ta zauna a bakin rijiya ta rufe fuska da gefen zane. Ni ludayin yana hannuna, kokon yana ta gudaji ban sani ba, sai da Kaka ta buga sandarta a ƙasa.

"Takwara, dama mana. In kin tafi wa zai ba ni mai gudaji in yi masa faɗa?"